Tarin kawu, macijin Brazil da abin da ake ce ma kinin

Kawuna ya yi wata biyar shina tari. Babu mura babu majina, wani busasshen tari ne kamar an sa mashi gashin kaza cikin maƙoshi, ƙyaf ƙyaf dare da rana, in ya kwanta kuma abin ya ƙaru, har matarshi ta naɗe tabarma ta koma ɗakin yara don ta samu barci. Da yake cikin hunturu ya fara kowa cewa yake ƙura ce, ai duk wanda ya san Maradi a watan Janairu ya san ƙura, to hunturu ya wuce bazara ta shigo tari na nan daram. An sha siro kala uku, an sha zuma da lemun tsami, citta da kanumfari ba a magana, anka kai shi analis don tsoron tarin huka da ƙyar ma ya samu kakin da zai tofa cikin ɗan kwalbar kuma ba a ga komi ba, anka yi radiyo huhu fes. Wata gwaggonmu ta ce belu ne ya sauko a kira wanzami, wasu kuma har sun fara ƙus-ƙus wai hannu anka sa mashi tunda shagonshi na kasuwa ya fara ja.

Wadda ta kwance ƙullin wata ƙaramar likita ce, sa'ar ɗiyarshi. Ta saurari ƙirjinshi ta ce, Baba kana shan maganin tansiyo? Ya laluba aljihun gaba ya hiddo sashe, captopril 25. Ta ce tun yaushe? Ya ce tun bayan kaka. Ta ce to Baba ina zaton wanga ne ke sa ka tari, zan canza maka wani, ka dawo bayan sati biyu. Kawu ya hito shina guna-guni wai yarinya ta raina mashi hankali, mi ya haɗa maganin hawan jini da maƙoshi. Kamin sati biyun su cika tarin ya ɗauke kamar an kashe rediyo.

Ni ne kunya ta kama, don na yi shekaru ina tsaye bayan kantar farmasi, abin nan rubuce yake cikin takardar da ke cikin kwalin maganin, na sha karanta shi, amma da yake a gida ne hankalina bai kai can ba sam. Shi ya sa na ce bari in zauna in warware tambayar kawu, mi ya haɗa maganin tansiyo da maƙoshi, don amsar tana da daɗin ji kuma akwai wurin da take iya tsirar da rai. Sunan abin da ya haɗa su kinin, ba kinin ɗin maganin zazzaɓi ba, wani sinadari ne da jiki ke yi da kanshi.

Ku ɗauki carbi dogo mai ɗaruruwan ƴaƴa. Hanta ce ke ƙera wanga carbi tana zuba shi cikin jini, sunanshi kininojen, shina yawo abinshi ba ya komi ba ya cutar kowa. Sai kuma akwai wani almakashi, anzim ne (wato sinadarin jiki mai aikin yanka ko sarrafa wasu sinadarai) da ake ce ma kalikiren, shi ma a kulle yake yawo, sai in wani abu ya faru, rauni ko ƙuna ko ƙwayar cuta ta shiga, sannan a buɗe shi ya je ya datse wanga carbi ya hidda ɗan guntu mai ƴaƴa tara cif. Guntun nan mai tara shi ne biradikinin. Akwai ɗan'uwanshi mai ƴaƴa goma, kalidin, wanda kalikiren na cikin tsoka da ƙoda da gaɓoɓin yawu ke yankowa. Su ne dai kinin, kuma ƴaƴan carbin su ne abin da masana ke ce ma amino asid, tubalan da ake gina furotin da su.

Abin da ya kamata ku riƙe tun nan, don duk sauran bayanin kanshi ya rataya: biradikinin ba ya daɗewa. Ƙasa da daƙiƙa 30 rabinshi ya lalace, kuma in jini ya ratsa huhu sau ɗaya tak galibinshi an tsinke shi. Ɗan aike ne na unguwa, a nan inda anka yanko shi nan zai isar da saƙo ya mutu. Jiki bai yarda ya bar shi ya yi nisa ba, kuma za ku ga dalili.

Da yawa cikinmu mun ɗauka jijiyar jini kamar tiyon roba ce, jini ya bi ya wuce. A'a. Bangonta da tsoka a ciki mai matsewa da saki, cikinta kuma an shafe shi da wani siririn shimfiɗi na ƙwayoyin halitta, kauri ɗaya tak, kuma wanga shimfiɗi shi ne mai ba tsokar umurni. Wanda ya taɓa zuwa Jiratawa wajen masu noman rani ya ga yadda ake yi, ruwa na tahe cikin babban magudani, mai gona ya buɗe bakin fangalinshi ya sha, ya toshe ya buɗe na gaba, in anka toshe ƙananan hanyoyi da yawa ruwa ya taru ya matsa ma babban magudani. To haka ƙananan jijiyoyi suke, in sun matse tansiyo ya hau, in sun saki ya sauka. Biradikinin in ya taɓa shimfiɗin nan sai ya sa ya saki wata iska da ake ce ma nitirik okisaid tare da wani sinadari furostasikilin, su biyun su ratsa zuwa ga tsokar su ce mata saki, jijiya ta buɗe, jini ya kwararo wurin. Gano aikin iskar nan cikin jijiya shi ya sa anka ba mutum uku kyautar Nobel a 1998. A ƙoda kuma kinin na taimakawa a zubda gishiri da ruwa cikin hitsari, kuma shina sa shimfiɗin jijiya ya saki abin da ke narkar da gudan jini. Duk wanga alheri ne ga zuciya.

Amma aikinshi na biyu shi ne inda rigima take. A can ƙananan jijiyoyin da ke kwaso jini daga tsoka, biradikinin na sa ƙwayoyin shimfiɗin su ɗan ja jiki su bar ƙofa tsakaninsu, ruwan jini ya tsiyaye ya shiga nama, wuri ya kumbura. Na uku kuma shina tsokanar jijiyoyin jin zahi kai tsaye, shina cikin abubuwan da sunka hi komi sa raɗaɗi da jiki ke yi da kanshi. Wanda rina ta taɓa harbi ya san zancen ba sai an yi mashi fassara ba, don dahin rina da nashi kinin ɗin a ciki, ga wanda jikinka zai ƙara, shi ya sa nan take wurin ya yi ja, ya ɗauki zahi, ya kumbura, ya yi ta zugi. Jan da zahin jini ne ya kwararo, kumburin ruwa ne ya tsiyaye, zugin jijiya ce anka tsokana. Kuma ba mugunta ba ce jiki ke yi, buɗe hanya yake don dakarun jini su iso wurin rauni, zugin kuma don ka daina taka ƙafar. Matsala sai in abin ya ƙi tsayawa ko ya faru inda babu rauni.

Yadda anka gano shi ma labari ne. A 1909 wasu likitoci biyu a Tulus ta Faransa, Abelous da Bardier, sunka lura in an tace hitsarin mutum an yi ma kare allurarshi tansiyon karen na faɗuwa. Daga baya wani likitan tiyata Bajamushe Emil Frey da abokan aikinshi sunka bi sawun abin, sunka same shi da yawa cikin gaɓar nan da ke yin insulin, a 1930 sunka raɗa mashi kalikiren daga sunan gaɓar da Girkanci. Almakashi kenan anka fara gani kamin a ga abin da yake yankowa. Shi biradikinin sai a 1948 a birnin Sao Paulo na Brazil, inda Mauricio Rocha e Silva da abokan aikinshi biyu, Beraldo da Rosenfeld, ke binciken dahin wani maciji da ake ce ma jararaka, dangin su kububuwa da kasa ne na nesa, wanda in ya sari mutum tansiyonshi na iya rushewa. Sunka haɗa dahin da jinin kare sunka ɗiga ma guntun hanjin ɓeran masar, hanjin ya murɗe amma a hankali, ba farat ɗaya ba irin yadda sunka saba gani. Daga nan sunan ya hito, da Girkanci biradi sannu-sannu, kinin motsi. Mai motsin sannu. Sunka buga sakamakon a 1949.

Ɗalibin Rocha e Silva, Sergio Ferreira, shi ya ƙara gaba a 1965, ya gano cewa cikin dahin macijin nan akwai wasu ƙananan sinadarai da ke hana a lalata biradikinin, wato maciji ba yanko shi kawai yake sa a yi ba har mai share shi yake ɗaurewa, ka ga dabara. Ferreira ya ɗauki kayanshi ya tahi Landan ɗakin binciken John Vane, a nan ne zance ya haɗu da na hawan jini, kuma wajen 1970 Ervin Erdos ya tabbatar da abin da ya ba kowa mamaki: anzim ɗin da ke tsinke biradikinin da anzim ɗin da ke ƙera anjiyotansin na biyu, sinadarin da ke matse jijiya ya hau da tansiyo, ashe abu guda ne anka yi ma suna biyu. Ma'aikaci ɗaya aiki biyu, da hannun dama shina ƙera mai matse jijiya, da na hagu shina kashe mai buɗe ta, kuma babban shagonshi cikin jijiyoyin huhu yake. Kamfanin Squibb a Amurka, ta hannun Cushman da Ondetti, sunka kwaikwayi dabarar maciji sunka yi ƙwaya wadda za a iya haɗiya, a 1975 anka haɗa captopril, a 1981 anka ba da izinin saida shi. Sashen da ke aljihun kawu kenan, jikan dahin maciji. Da na gaya mashi haka cewa ya yi dama ya ji a jikinshi.

Yanzu ku haɗa lissahin da kanku. Duk maganin da sunanshi ya ƙare da pril, captopril, enalapril, lisinopril, ramipril, perindopril, waɗanda likitocinmu ke rubutawa IEC a taƙaice, ma'aikacin nan yake ɗaurewa. Mai matse jijiya ya ragu, tansiyo ya sauka, madalla. Amma hannun hagu ma an ɗaure, biradikinin ba ya mutuwa da wuri, shina taruwa, wani ɓangare na amfanin maganin ma daga nan yake zuwa don ƙarin kinin ƙarin buɗewar jijiya ne. Sai dai da yake a huhu da hanyar iska ne abin ya hi taruwa, shi da wani sinadarin jijiya da ake ce ma P, sai su riƙa sosa jijiyoyin tari, mutum ya riƙa jin kamar akwai abu a maƙoshi alhali ba komi. Tsakanin mutum 5 zuwa 20 cikin 100 masu shan irin wanga magani na samun tarin, mata sun hi maza, kuma abin dariya waɗanda ba su shan taba sun hi samu. Shina iya farawa cikin kwanaki, shina iya jira sai bayan watanni, wanda shi ne ke ɓatar da mutane don ba mai tuna ƙwayar da ya fara sha tun kaka. Siro ba ya yi mashi komi, antibiyotik kuwa asarar kuɗi ce tsantsa, na ga wanda ya kashe sama da jika ashirin a kan wanga tari. In an daina maganin yakan tahi cikin sati ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci ya ja har wata uku. Kuma canza captopril da enalapril bai da amfani, gidansu ɗaya. Akwai wani gidan daban masu ƙarewa da sartan, losartan, valsartan, su ba su taɓa ma'aikacin, can gaba suke tare hanya inda anjiyotansin ke sauka, don haka kinin na mutuwa yadda ya saba kuma tari ba kasafai ba.

A kula fa, ban ce duk mai tari ya ce maganin tansiyo ne ya zauna gida ba. Tarin da ya wuce sati biyu a garin nan dole a duba tarin huka, balle in da rama ko zazzaɓin dare ko jini cikin kaki, kuma zuciya in ta gaza ita ma tana sa tari da haki in an kwanta. Kawai ka tahi da sashen maganinka ka aje gaban likita, don wallahi rabin mutanenmu in an ce wane magani kake sha sai su ce wani fari ƙarami.

Tarin pril dai takura ce, ba ya kisa. Wanda ke kisa shi ne kumburi, kuma nan nake so a tsaya da kyau. Kun tuna ƙofar da kinin ke buɗewa ruwa ya tsiyaye? In ya taru da yawa sai ya yi haka a leɓe, ko fatar ido, ko kunci, ko halshe, ko can cikin maƙogwaro. Likitocinmu na ce mashi edem na Kinke, daga sunan Heinrich Quincke Bajamushen da ya bayyana shi a 1882. Na taɓa ganin guda, wata hajiya ta shigo farmasi da sahe ta ruhe baki da mayafi, da ta ɗaga leɓenta na sama ya yi kamar an hura, gehe ɗaya ya hi ɗaya, shina ƙyalli, ba ja ba ƙaiƙayi, tana cewa ɗana ba ni maganin alaji ina ga gizo-gizo ne ya bi ni cikin barci. Na ce Hajiya kina shan na tansiyo? Ta ce shekara biyu kenan ba abin da ya taɓa yi mani. Wanga magana tata ita ce tarkon, don kumburin na iya zuwa a satin farko kuma shina iya zuwa bayan shekaru ana sha lahiya lau. Munka tare mata kabu-kabu zuwa irjans.

Bai kai mutum 1 cikin 100 ba masu samun wanga kumburi, amma baƙar fata sun ninka turawa sau uku ko hiye wajen haɗarinshi, galibin binciken a kan baƙaƙen Amurka anka yi shi, to mu dai ba mu da dalilin ɗauka cewa ya tsallake mu. Bambancinshi da borin jini na alaji a bayyane yake in ka san abin dubawa. Na alaji wani sinadarin jiki ne daban, histamin, ke kawo shi, da ƙaiƙayi da taswira-taswira a fata, shina tasowa cikin mintoci kuma shina jin maganin alaji. Na kinin babu ƙaiƙayi babu bori, a hankali yake hawa cikin awoyi, mai motsin sannu dai kamar sunanshi, ya yi kwana ɗaya zuwa uku, kuma maganin alaji da kortikoyid har da allurar adirenalin ba su cika yi mashi wani abin kirki ba don ba hanyarsu ɗaya ba. Shi ya sa zaman jira a gida wai an sha ƙwaya bari a gani ke da haɗari. In halshe ya fara nauyi, ko murya ta canza, ko yawu ya ƙi haɗiyuwa, ko numfashi ya fara ƙara, babu zancen wanzami babu zancen hayaƙi babu jiran maigida ya dawo daga kasuwa, asibiti kai tsaye inda za a iya tsare hanyar iska, a tahi da kwalin maganin a hannu. Wanda abin ya taɓa samu kuma shi da duk wani pril har abada, ya gaya ma kowane likita da zai rubuta mashi ordonans. Wani lokaci ma a hanji kumburin ke yi, mutum ya riƙa murɗar ciki da amai ana neman dalili an rasa.

To sai wani ya ce in haka ne mi ya sa ake ba mu shi. Saboda magani ne na gaske. Ga mai ciwon suga da ƙodarshi ta fara zubda furotin, ga wanda zuciyarshi ta gaza, ga wanda ya yi bugun zuciya, ƴan pril na cikin magungunan da anka tabbatar suna ƙara kwana da yardar Allah, kuma suna da araha. Inda nake da ja shi ne a ɗauko shi shi kaɗai a matsayin na farko ga kowane baƙin mutum mai hawan jini zalla, don an daɗe da sanin cewa hawan jininmu galibi irin na riƙe gishiri ne, kuma pril shi kaɗai bai cika saukar da shi sosai ba kamar amlodipine ko ƙwayar sa hitsari. An ma gwada a nan Afirka, binciken da anka buga a 2019 ƙarƙashin jagorancin Dike Ojji na Abuja, cikin ƙasashe shida da mutum sama da 700, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya hi haɗin perindopril da ƙwayar hitsari saukar da tansiyo. Wani abin lura kuma, an ga masu hawan jini da yawa, musamman baƙaƙe, kalikiren ɗin da ke hita cikin hitsarinsu kaɗan ne, kamar dai ƙodar ba ta samun isasshen mai taya ta zubda gishiri, mu kuma ga dunƙulen magi uku huɗu a tukunya guda ga kanwa ga yajin kilishi.

Abu biyu da nake gani kullum a kanta. Mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan pril ba ta shan sartan, suna lalata ƙodar jariri, kuma a garin da haihuwa ke kusa-kusa wanga ba ƙaramin zance ba ne, mace ta fara magani bayan wankan jego ta ci gaba da sha har wani cikin ya shiga ba ta sani ba. Na biyu diclofenac da ibuprofen na ƴan talla da ake sha kamar gyaɗa don ciwon jiki. Kun tuna kinin na aiki ta hanyar furostasikilin da danginshi? Su waɗannan ƙwayoyi dangin nan suke toshewa, shi ya sa suke rage zugi, amma da wannan toshewar suke rage ma maganin tansiyo ƙarhi, su riƙe gishiri, su takura ƙoda, balle a watan Afrilu da mutum ya bushe da zuhwa ko shina azumi. Dattijo na shan pril da ƙwayar hitsari ya ɗora diclofenac kullum don gwiwa, ƙodar nan tana cikin wani hali.

Akwai kuma masu kumburin nan ba tare da sun sha komi ba, gado ne. Almakashin kalikiren da mai tsaronshi, wani furotin da ake ce ma mai hana C1, shi ke riƙe shi kada ya yi ta yanka ba dalili. Wasu an haife su mai tsaron nan kaɗan ne ko ba ya aiki, kusan mutum 1 cikin 50,000, in uwa ko uba na da shi kowane ɗa rabi da rabi ne. William Osler ya ba da labarin wani gida da abin ya bi zuriya biyar a 1888, amma sai 1963 Donaldson da Evans sunka gano abin da ya ɓace cikin jininsu. Yakan fara tun ƙuruciya ya tsananta wajen balaga, yau hannu ya kumbura kamar an hura safar roba, wata biyu ƙafa, wani karon ciki ya murɗe har a yi ma mutum tiyata a buɗe ba a ga komi ba sai ruwa, cire haƙori ko ɗan rauni ko tashin hankali ko ƙwayar tsarin iyali mai istirojin na iya tada shi. Ku yi tunanin gidan da kaka ta rasu da kumburin wuya, uba na kumbura, ɗiya na kumbura, mi za a ce a unguwa in ba iska ko maita ba. Maganinshi akwai, icatibant allura ce da ke toshe daidai ƙofar da biradikinin ke ƙwanƙwasawa, Turai ta amince da ita a 2008, akwai kuma masu ɗaure kalikiren ɗin kanshi irin lanadelumab na 2018, sai dai tsadarsu ta wuce hankali, ni dai ban taɓa riƙe ko ɗaya a hannuna ba. Amma ko sanin sunan ciwon kaɗai na hana a ba irin wanga mutum pril, wanda a gare shi zuba fetur ne a wuta.

Ƙofofin da kinin ke ƙwanƙwasawa biyu ne, B2 wadda kullum tana nan kuma ita ke yawancin abin da na lissafa, da B1 wadda ba ta cika bayyana ba sai nama ya daɗe cikin rauni ko kumburi, shi ya sa masu binciken ciwo mai daɗewa ke sa mata ido. In ƙwayar cuta ta mamaye jini gaba ɗaya kuwa, abin da ya kamata ya tsaya unguwa guda sai ya game gari, jijiyoyi su saki ko'ina, ruwa ya tsiyaye ko'ina, tansiyo ya faɗi ƙasa, kinin na cikin masu hannu a wanga rushewa tare da wasu sinadarai da dama. Lokacin korona ma a 2020 wasu masana sun kawo hasashen cewa ambaliyar biradikinin ce ke cika huhu da ruwa, anka yi ta yayata shi, amma bai zama hanyar magani da anka tsaida ba.

Kawu yanzu amlodipine yake sha, ƙwaya ɗaya da sahe, tansiyonshi ya zauna wajen 13 da 8, matarshi ta maido tabarmarta. Sabuwar ƙararshi ita ce idon sawunshi na ɗan tasawa da yamma in ya wuni zaune a shago, ranar Juma'a takalmin sau-ciki ya ƙi shiga, ya aiko yaro wai in zo in gani ko macijin nan ne ya dawo. Na je na danna da yatsa ya lotsa, ƙafa biyu daidai wa daida, huska lau halshe lau, na ce kawu wanga ba na kinin ba ne, halin sabon maganin ne, ka riƙa ɗora ƙafa bisa buhu in kana zaune kuma ka faɗa ma likitarka ranar randebu. Ya ce wace, yarinyar nan? Na ce ita. Ya ce to ai ita ta san aikinta, ya sa silifas ya tahi masallaci.